Tela, mai kitso, mai wanki: ta ina aiki ke zo musu?

Duk wanda ya shiga babbar kasuwar Maraɗi ranar Litinin ko Juma'a, ko kasuwar Dole ta Damagaram ranar Alhamis, ya san yadda haja ke kiran mai saye. Mai atamfa ya baje turame, mai tattasai ta kasa kashi-kashi, ido ya gani, hannu ya taɓa, a yi tayi, a sallama. To, amma tela fa? Mai kitso, mai lalle, mai wanki da guga, mai gyaran salula, mai dafa abincin biki? Su abin da suke sayarwa ba a ganinsa sai an gama. Matar da ta kai shaddarta wurin tela ta miƙa masa dukiyarta ne kafin ta ga komai. In almakashi ya yi kuskure, babu mai maido mata.

Shi ya sa ba ta kaiwa sai ta yi tambaya. Za ta ga riga a jikin wata wurin suna, ta matsa kusa ta ce: wa ya yi miki wannan ɗinki? A ganinmu, wannan tambaya ita ce rumfar mai sana'ar hannu. Nan ake samun aiki, nan kuma ake rasa shi, alhali shi mai sana'ar ba ya ma wurin.

Arzikin mutane

Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasarmu. A shekarar 1986 wani Bafaranshe mai bincike, Emmanuel Grégoire, ya fitar da littafi a kan alhazan Maraɗi, inda ya nuna cewa ba kuɗi kaɗai ya ɗaga su ba. Akwai abin da su da kansu ke kira arzikin mutane: barori da yara da abokan hulɗa tun daga ƙauyukan gyaɗa har Katsina da Kano, kowane yana kawo labari, yana kai kaya, yana tsaya wa ubangidansa. Yaro ya yi shekaru yana bauta, ubangida ya sallame shi da jari, kuma ya gabatar da shi ga mutanensa. Sau da yawa gabatarwar ta fi jarin amfani.

Mai kitso ba alhaji ba ce, amma dokar ɗaya ce. Bambancin kawai, ita mutanenta ba su wuce unguwa biyu ko uku ba, don haka sai ta san waɗanda za ta riƙe da kyau. A nan ne ku matan kasuwa kuke da daraja wadda ba kullum kuke lura da ita ba. Mace mai tebur tana zaune daga hantsi har la'asar, mata masu ɗimbin yawa suna tsayawa gabanta. Kitson da ke kanta da lallen da ke hannunta sun fi allon da aka kafa a ƙofar gida aiki, tun da allo ba ya amsa tambaya, kuma da yawa daga masu wucewa ba su karanta boko ba. Mai sana'ar da ta rage wa irin wannan mace dala hamsin, ko ta yi mata gyara, ba asara ta yi ba. Haka dillaliya mai shiga gida-gida wurin matan da ba su fita: kalma ɗaya daga bakinta na iya cika wa mai lalle mako guda.

Ku dubi biki guda ɗaya, ku ƙidaya bakin da yake ciyarwa. Mai sayar da anko, tela, mai gyaran amarya, mai kitso, mai lalle, mai girki, mai hayar kujeru da rumfa, mai hoto, makaɗa, har ɗan kabu-kabun da za a yi ta aike. Wanda uwar amarya ta fara zuwa wurinsa shi ke riƙe da makullin sauran. Mai atamfa ta ce ga telan da na sani, tela ya ce ga mai aikin surfani, mai gyaran amarya ta ce ga mai lalle. Masu wayo ba su barin wannan ga sa'a: suna zuwa da ƙafarsu su gaida mai shagon da sana'arsa ke gaba da tasu, su nuna masa aikinsu, su bar lambarsu. Zumunta a ƙafa take, ciniki ma haka.

Sai dai akwai abu biyu da ke ɓata irin wannan haɗin. Na farko la'ada. In za a ba wanda ya turo mutum wani abu, to a faɗe shi tun farko, a san ko nawa ne. Mun sha ganin aminai sun rabu a kan dala ɗari da ɗaya ya sa rai, ɗayan bai san ana jira ba. Na biyu ya fi muni: kada ki tura kowa wurin wanda ba ki gwada aikinsa ba, ko da ƙanenki ne. In ya ɓata zanen mutane, ba sunansa za a kira ba, cewa za a yi ke kika kai su.

Ranar zubi

Wuraren haɗuwa muna da su, ba sai an ƙirƙiro ba. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda ƙungiyar CARE ta soma a jihar Maraɗi a 1991, sun bazu cikin ƙasa, har wasu ƙasashen Afirka da dama suka ɗauki tsarin. Mata kimanin ashirin zuwa talatin suna haɗuwa kowane mako, su zuba, su ranta wa juna, a raba in zagaye ya cika. Kowa na maganar rancen, amma ba a cika maganar zaman kansa ba. Mata talatin ke nan, kowace da gidanta da danginta da bukukuwanta, kuma kowace na ganin wadda ke kawo zubinta kan lokaci. Macen da ba ta taɓa saɓa ranar zubi ba ta riga ta yi rabin tallarta. Haka abin yake a adashe, da foyandin matan Yamai, da fadar samari inda ake shan shayi ana maganar wane ne ya iya gyaran babur.

Akwai masu kunyar faɗin sana'arsu a irin wannan zama, wai kada a ce roƙo suke. Wannan kunya ba ta da wurin zama. Ba a ce ki mai da taro kasuwa ba, amma wadda ta yi shekara tana zubi tare da ke ba ta san kina dafa abincin suna ba, laifin naki ne.

Daga rediyo zuwa salula

Da gidajen rediyo masu zaman kansu irin su Anfani da Sarauniya suka buɗe, ƙaramin mai sana'a ya samu damar biyan kuɗin sanarwa a ji sunansa cikin gari da harshen da kowa ke ji. Har yanzu tana da amfani ranar buɗe shago ko in an sake wuri. Amma sanarwa kawo mutum take yi sau ɗaya, ba ta maido shi.

Salula ce ta sake lissafi. Wata mai bincike Ba'amurkiya, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na Nijar daga 2001 zuwa 2006, lokacin da layin ke shiga gari bayan gari, ta gano cewa bambancin farashi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari, domin ɗan kasuwa na iya tambaya kafin ya ɗora buhu a mota. Abin da ya faru da farashin hatsi shi ke faruwa da sunan mai sana'a: labarinsa na riga shi isa. Yau mai lalle na ɗaukar hoton hannu ta sa a WhatsApp, wadda ba ta iya rubutu ba ta aika saƙon murya, ɗan uwa da ke ci-rani ya turo kuɗin ɗinkin iyalinsa ta NITA ko Al Izza. Amma mu ja kunne: a nemi izini kafin a sa hoton matar mutane ko amaryarsu, ko da hannu ne kawai. Kuma kada a sa hoton aikin wani a ce naka ne. Garin ƙarami ne, mai aikin zai gani.

Lambar wayar kuma a riƙe ta kamar takardar rumfa. Lokacin da gobara ta cinye ƙaramar kasuwar Yamai a 2012, masu sana'a sun watsu cikin unguwanni. A irin wannan rana wanda ake da lambarsa shi ake iya nema, wanda aka sani da wurin zamansa kawai sai a ɗauka ya bar gari. Yawan sake layi saboda garaɓasar kwana biyu zubar da abokan ciniki ne.

Inda mutane ke cin jari

Ba za mu ɓoye ba, arzikin mutane na da haƙora. Waɗanda suka kawo miki aiki su ne za su ce a rubuta, sai wata ya mutu. Mai haja in ya ba da bashi ya san abin da ya fita daga rumfarsa. Mai sana'ar hannu kuwa sai a ga kamar bai kashe komai ba, an manta da zare da gawayi da sabulu da kuɗin kuran da hayar shago. Shawararmu, a raba kuɗin kayan aiki da ladan hannu: na farko a karɓe shi kafin a soma, ko daga wurin wa; ragi da haƙuri a yi su a kan na biyu.

Sai alkawari. Kowace shekara, goman ƙarshe na azumi, muna ganin abu ɗaya: tela ya karɓi ɗinkin da ya fi ƙarfin kekensa, daren salla mata na tsaye a ƙofar shago, yara na kuka, wani lokaci har a kai ga hukuma. Aikin da ya ƙi mayarwa don kada ya ɓata wa mutum biyar rai, shi zai sa unguwa guda ta yi ta ambatonsa har babbar salla. Littafin ƴan lakwal guda ɗaya ya isa: suna, lamba, abin da aka kawo, abin da aka biya, ranar karɓa. Ya ƙidaya riguna nawa yake gamawa a yini, ya cire kwana biyu saboda ɗaukewar kuran. In shafin ya cika, ya faɗa wa mai zuwa gaskiya, ya nuna mata shagon abokin sana'arsa da ya yarda da shi, ya kuma rubuta lambarta don ya kira ta bayan salla.