Yadda Talakawan Karkara A Indiya Suka Mallaki Gidan Labarai Ta Wayar Hannu

Jama'a, kowa ya san yadda labari yake tafiya. Daga birni yake tasowa, ya iso ƙauye ta akwatin rediyo. Muna jin abin da gwamna ya faɗa. Muna jin abin da ya faru a Ingila da Amurka. Amma idan famfon tuƙa-tuƙa na unguwarmu ya yi wata shida a lalace, wa zai ji? Idan malamin firamare ya daina zuwa makaranta, wace jarida za ta buga? Alhali kuwa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A wannan wata za mu yi bayani a kan wasu mutanen karkara na ƙasar Indiya. Su sun sami hanyar da labari zai tashi daga ƙauye ya shiga birni. Sunan shirin nasu CGNet Swara. A can ƙasar, kalmar Swara tana nufin murya. Za mu ga yadda aka kafa shirin, da yadda aka tafiyar da shi, da wahalar da aka sha wajen raya shi.

Ina Ne Wannan Wuri?

Indiyar da muke gani a fim daban, Indiyar karkara daban. A tsakiyar ƙasar akwai wata jiha mai suna Chhattisgarh. An ƙirƙiro ta a shekarar 2000, kuma babban birninta shi ne Raipur. Kudancin jihar daji ne mai duhu da tsaunuka. Mazauna dajin su ne ƙabilun da ake kira Adivasi, wato mutanen asali. Suna noma, suna kuma tara ganyaye da 'ya'yan itatuwa a daji su sayar.

Ɗaya daga cikin manyan ƙabilun ita ce Gond, harshensu kuwa Gondi. Ƙidayar da aka yi a 2011 ta nuna masu magana da Gondi sun kusa miliyan 3. Amma jaridun jihar da harshen Hindi ko Turanci ake buga su. Yawancin 'yan jarida da ma'aikatan gwamnati ba sa jin Gondi. Mutanen dajin kuma da yawansu ba su iya karatu ba, musamman mata da tsofaffi.

To, rediyo fa? A wancan lokaci dokar Indiya ba ta yarda gidan rediyo mai zaman kansa ya shirya labaransa ba. Wannan aikin gidan rediyon gwamnati ne kaɗai. Bugu da ƙari, an daɗe ana yaƙi a dajin tsakanin jami'an tsaro da 'yan tawaye. Talaka yana tsakiya, ga kuka a bakinsa, ba mai saurare.

Wanda Ya Kawo Dabarar

Wani ɗan jarida ne mai suna Shubhranshu Choudhary. A yankin ya tashi, ya yi makaranta tare da 'ya'yan Adivasi. Daga baya ya yi aiki da gidan rediyon BBC. A ganinsa, rashin mai sauraren talaka yana cikin abubuwan da suke hura wutar fitina a dajin.

A shekarar 2004 ya fara gwada haɗa mutanen jihar ta hanyar intanet. Sai ya ga 'yan birni da 'yan boko kaɗai suke shiga. Manomi ba shi da kwamfuta, ba shi da wutar lantarki, bai kuma iya rubutu ba. Amma akwai abu biyu da yake da su. Yana da baki, kuma ƙaramar wayar hannu ta fara shiga ƙauyuka.

Daga nan ya haɗa kai da wani masanin kwamfuta ɗan Amurka, mai suna Bill Thies, wanda ya yi aikin bincike da kamfanin Microsoft a Indiya. Suka shirya wata na'ura mai amsa waya da kanta. A shekarar 2010 aka buɗe CGNet Swara.

Yadda Abin Ya Yi Aiki

Tsarin ba shi da wuya. An ba da lambar waya guda ɗaya. Duk wanda ya kira, sai na'ura ta yi masa magana. Idan yana da labari, sai ya danna lamba 1, ya faɗi abin da ke bakinsa, na'ura ta ɗauka. Idan kuma labarin wasu yake son ji, sai ya danna lamba 2 ya saurara. Ba a bukatar babbar waya. Ba a bukatar iya karatu. Mutum da harshensa zai yi magana, ko Gondi, ko Hindi, ko wani harshen yankin.

Saƙon gajere ne, na 'yan mintoci kaɗan. Wani zai ce famfon ƙauyensu ya lalace. Wata za ta ce ba a kawo abincin yara a makaranta ba. Wasu kuma kuɗin aikinsu aka riƙe. Dalili kuwa, a 2005 Indiya ta kafa wata doka wadda ta yi wa kowane gida na karkara alkawarin aikin ƙwadago na kwana 100 a shekara. Mutane sukan yi aikin, su haƙa tafki ko su gyara hanya, amma kuɗi ya maƙale a hannun wani. Irin wannan kuka ya yi yawa a cikin saƙonnin.

Ba kuka kaɗai ake kawowa ba. Akwai masu kira su rera waƙoƙin gargajiya. Akwai masu bayanin maganin gargajiya. Wannan ya sa mutane suka ji gidan nasu ne, suka riƙa kira ko da ba su da matsala.

Masu Tace Labari

Mai karatu, a nan ne babban aikin yake. Ba duk abin da aka faɗa wa na'ura ake saki ba. Akwai editoci, wato masu tace labari, waɗanda aka koya musu aikin jarida. Su ne suke fara sauraren kowane saƙo.

Da farko sukan duba ko maganar ta fito sosai. Sannan su duba ko mai maganar ya faɗi sunansa, da ƙauyensa, da gundumarsa. Idan labarin yana da nauyi, sai su sake kiran mai shi su yi masa tambayoyi. Sukan kuma tuntuɓi wani wanda suka sani a yankin, ya tabbatar musu. Saƙon da bai cika ba, ko wanda aka kasa tabbatarwa, ajiye shi ake yi. Saboda haka, daga cikin saƙonni masu yawa, kaɗan ne suke fita.

Me ya sa ake wannan wahala? Domin gidan labarai ba shi da jarin da ya wuce amana. Wani yana iya kira don ya ɓata sunan abokin gabarsa. Wani kuma jita-jita ya ji a kasuwa, ya ɗauka gaskiya ce. Idan aka saki ƙarya sau ɗaya, gobe jami'in gwamnati zai ce duk labaran gidan ƙarya ne. A wurin da ake yaƙi kuwa, labarin ƙarya yana iya jawo asarar rai.

Daga Kuka Zuwa Gyara

Labari ya fita, mutanen ƙauye sun saurara. To, sai me? Idan a nan aka tsaya, famfo yana nan a lalace. Don haka aka ƙara wata dabara.

Duk labarin da aka tace, sai a sa shi a intanet, tare da taƙaitaccen bayani a rubuce. Ta haka 'yan jarida da masu kishin talaka na birane suke gani. Sannan an koya wa masu kira su nemo lambar wayar jami'in da abin ya shafa, su faɗe ta a ƙarshen saƙonsu. Sai su roƙi duk wanda ya ji ya taimaka ya kira wannan jami'i.

Ku duba hikimar da ke ciki. Jami'in da ya saba korar manomi daga ofishinsa, yau ga waya daga Raipur, gobe ga wata daga Delhi, babban birnin ƙasa. Kowa cikin ladabi yana tambaya, yaushe za a gyara famfon ƙauye kaza? Yanzu ya san idon duniya yana kansa. Sau da yawa sai a ga an turo makaniki, ko an biya kuɗin da aka riƙe.

Idan bukata ta biya, mai kukan yakan sake kira ya ba da labari, ya yi godiya. Wannan saƙo na biyu shi ma ana sakinsa. Amfaninsa babba ne. Mutanen wani ƙauye za su ji cewa magana tana aiki, su ma su kawo tasu. Jami'in da ya yi gyara kuma ya ji an yaba masa. Ba kowane kuka aka share wa hawaye ba. Ƙananan matsaloli, irin su famfo da kuɗin aiki, sun fi saurin warwarewa a kan rikicin fili ko na daji.

Matsaloli Da Yadda Aka Ɓullo Musu

Ta farko ita ce kuɗin kira. Talaka ba zai ƙona katinsa kullum don sauraren labari ba. Sai aka gyara na'urar. Mutum ya yi filashin kawai, na'ura ta kira shi. Amma fa kuɗin bai ɓace ba, kan masu shirin ya koma. Ga kuma albashin editoci. Shirin ya dogara ne da tallafin ƙungiyoyin agaji, kuma wannan rauni ne, domin tallafi yana iya yankewa.

Ta biyu, mutane ba su san da shirin ba. Sai aka kafa ayarin matasa masu zagaya ƙauyuka da kasuwanni. Suna kiɗa, suna rawa, suna wasan kwaikwayo da 'yar tsana. Idan jama'a sun taru, sai su nuna musu yadda ake danna 1 da 2. Sun kuma horar da matasan ƙauyuka yadda ake ɗauko labari.

Ta uku, rashin sabis a cikin daji. A nan ma an yi dabara. Akan haɗa labarai da waƙoƙi su zama shiri guda. Wanda ya je inda akwai sabis sai ya sauko da shirin a wayarsa. Idan ya koma gida, ko ya shiga kasuwar mako, sai ya tura wa wasu ta Bluetooth, ba tare da an kashe ko kwabo ba. Kamar dai yadda matasanmu suke tura wa juna waƙa ko wa'azi. Mutanen yankin suna kiran wannan hanya Rediyon Bultu.

Ta huɗu, maza sun fi mata yawa cikin masu kira, domin galibi waya a hannun maigida take. Alhali mace ce ta fi kowa sanin wahalar ruwa da ta asibiti.

A shekarar 2014 wata ƙungiya mai kare 'yancin faɗar albarkacin baki, a birnin Landan, ta ba Choudhary lambar yabo saboda wannan aiki.

Abin Da Za Mu Koya

Mu ma wayar hannu ta shigo Nijeriya tun 2001, yau kuma ta kai lungu da saƙo. Saƙon murya yana yawo a WhatsApp dare da rana. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne mai tacewa. Ba mu manta da watan Agusta na 2014 ba, lokacin cutar Ebola. Saƙo ya bazu cewa a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha. Mutane da dama sun kwanta asibiti, har an rasa rayuka. Ba wanda ya tsaya ya tambayi inda maganar ta fito.

Kowane ajin yaƙi da jahilci yana iya fara nasa ƙaramin gidan labarai. Ba sai da na'ura ba. Ga yadda za a yi:

1. A zaɓi mutum uku masu gaskiya su zama masu tace labari. A tabbata akwai mace a ciki, ko a haɗa kai da ajin mata.

2. A sayi littafin rubutu guda. Duk labarin da aka kawo a rubuta abu biyar: me ya faru, a ina, yaushe, wa ya gani da idonsa, kuma wane ofishi abin ya shafa.

3. Kada a karɓi labarin "an ce". A je a gani, ko a ji daga bakin mutum biyu. A kuma ji ta bakin wanda ake kuka da shi.

4. Ban da zagi, ban da cin mutunci, ban da siyasar jam'iyya.

5. A sanar da mai unguwa ko dagaci, sannan a kai kukan ga kansila ko ofishin ƙaramar hukuma a rubuce. A ajiye kwafi, a rubuta ranar da aka kai.

6. Idan an yi gyara, a ba da labari, a yi godiya.

Labarin da kuka tace, ku ba malamin ajinku ya aiko mana ta hannun jami'in ilimin manya na ƙaramar hukumarku. Mutanen dajin Indiya da baki kawai suka fara. Ku kuwa, ga baki, ga alƙalami ya fara zama a hannunku. Allah ya ba mu ikon faɗar gaskiya, amin.