Daga Tasawa da Mayahi Zuwa Asibitin Maraɗi

Idan ciwo ya gagari asibitin Tasawa ko na Mayahi, Maraɗi ake tura majinyaci, inda ƙwararrun likitoci suke, tare da ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo masu koyon aiki. Ko da yake tun shekarar 2006 hukumar Nijar ta ɗauke wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar kuɗin magani, a 2024 kuma ta rage rabin kuɗin jinya a asibitocinta, duk da haka manomin da ya taso daga ƙauye, kuɗin mota da ciyar da mai jinya da sayen maganin da ya yanke duk suna wuyansa, har ta kai shi ga sayar da akuya ko hatsin rumbu, alhali damina ba ta faɗi ba.