Ƙofar jif mai goyon safaya: Abin da ke cinye hinjinta da yadda ake gyara shi

Duk mai bin titunan cikin birnin Kano, daga Ƙofar Nassarawa zuwa Mandawari ko daga Ƙofar Mata zuwa Kurmi, ya saba ganin motocin jif masu goye da tayar safaya a ƙofar baya. Tsofaffin Toyota RAV4 da Honda CR-V, da Mitsubishi Pajero da Suzuki Grand Vitara da wasu samfuran Land Cruiser Prado, duk haka aka ƙera su. Kamfanin Honda ya bar wannan tsari a CR-V daga samfurin 2007, Toyota kuma ya bar shi a RAV4 daga na 2013. Ke nan waɗanda ke hannun 'yan kasuwa da ma'aikatanmu a yau sun haura shekara 10, wasu ma sun ba 20 baya, kuma akasarinsu sai da suka yi aiki a wata ƙasa kafin su iso nan.

A irin wannan shekaru ne ƙofar ke fara sauka. Mai mota zai lura ba ta rufuwa sai an ɗan ɗaga ta ko an buga da ƙarfi, tana ƙwaram-ƙwaram a hanya mai gargada, ƙura kuma tana kwanciya a kujerun baya ko da gilasai a rufe suke. Mafi yawan mutane makulli suke zargi, alhali ciwon yana wajen hinji, wato ƙarfen nan biyu da ke haɗa ƙofar da jikin mota.

Kowane hinji yana da fin, sandar ƙarfen da ƙofar ke juyawa a kanta, da bushin, ɗan zoben da ke tsakanin fin ɗin da raminsa. Da gangan ake yin bushin da abin da bai kai fin tauri ba, kamar tagulla ko roba mai ƙarfi, domin shi ya fara cinyewa, tunda shi ne mai araha. Tayar Prado da rim ɗinta takan kai kilo 30, kuma ba a kan hinjin take zaune ba, tana can tsakiyar ƙofa. Don haka nauyinta yana fizgar hinjin sama waje, yana danna na ƙasa ciki, kamar yadda mai ɗauke da bokitin ruwa da miƙaƙƙen hannu ke jin nauyinsa a kafaɗa. Lissafin mai sauƙi ne. A ɗauka tazarar da ke tsakanin hinji biyu santimita 40 ce, faɗin ƙofar kuma santimita 120: duk milimita 2 da suka cinye a hinji za su zama milimita 6 a bakin ƙofa wajen makulli. Cinyewar da ido ba ya iya gani ta isa ta hana ƙofa rufuwa.

Yanayin Kano yana gaggauta lamarin. Ƙurar hunturu tana shiga hinji ta gauraya da giris, ta zama kamar garin wasa wuƙa, kullum tana cin ƙarfe. Da damina kuma ruwa da laka ne, sai tsatsa. Masu wankin mota da injin fesa ruwa suna kore ɗan man da ya rage, wasu kanikawa kuma su ɗiga baƙin mai, wanda ke sa ƙarar ta yi shiru na kwana biyu amma ya riƙa tara ƙura. Ga ɗan kasuwar da ke cin kasuwannin Wudil da Dambatta da Maigatari, kowane rami da mota ta faɗa yana ninka nauyin tayar a kan hinji na ɗan lokaci. Akwai kuma wani abu da ba a cika lura da shi ba. Akasarin waɗannan motoci na Japan hinjinsu yana hannun dama, domin a can ana tuƙi ta hagu, yayin da Najeriya ta koma tuƙin dama tun 1972. Sai ya zama ƙofar tana buɗewa ta tare gefen hanya, ga lungunan cikin birni da ƙunci. Ana barin ta a buɗe ana lodi, ana jingina buhu da ita, yara suna lilo a jikinta. A buɗe kuwa hinji ne kaɗai ke riƙe da ita, makulli ba ya taimaka masa da komai.

Gyaran da aka fi yi, kuma mafi muni, shi ne a kwance ƙarfen da makulli ke kamawa a sauke shi ƙasa kaɗan. Ƙofa za ta rufu, mai mota ya biya ya tafi da murna, hinji kuwa ya ci gaba da cinyewa. Idan bushin ya ƙare, fin zai fara cin ramin kansa har ya zama kamar ƙwai. Daga nan girgizar ta koma kan falankin ƙofa da ginshiƙin mota, su fara tsagewa. Robar da ke zagaye da ƙofar ma ba za ta ƙara matsewa ba, kuma wannan ya wuce batun ƙura: iskar da ke bayan mota mai gudu tana janyo hayaƙin salansa zuwa jikin ƙofar, cikinsa kuwa akwai iska mai guba wadda ba ta da wari, ga yara galibi a baya suke zama. Ƙarshen abin shi ne ƙofa ta buɗe a kan gudu, ko mariƙin tayar ya ɓalle. Taya mai kilo 30 da ta kuɓuce a titin Zariya ba ƙaramar masifa ba ce ga mai babur ko Adaidaita Sahu da ke biye.

Gano matsalar ba ya buƙatar na'ura. A sauke tayar tukuna, a buɗe ƙofar rabi, mutum ɗaya ya kama bakinta yana ɗagawa yana saki, wani kuma ya ɗora yatsa a kan hinji. Idan motsin a tsakanin ɓari biyu na hinjin yake, fin da bushin ne. Idan hinjin gaba ɗaya ke motsi, to ko notina sun kwance ko ƙarfen da ke ƙarƙashinsa ya tsage. Siririn layin tsatsa a jikin fenti kusa da hinji alamar tsaga ce.

Kafin a kwance komai, a zana iyakar hinjin da alli ko fensir domin a mayar da shi daidai inda yake, a tokare ƙofar da jak da katako, a kuma yi aikin hinji ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa kamfani yakan daddage kan fin ɗin, sai an goge kan da injin gurza ƙarfe kafin a buge shi ya fita. Idan ramin bai lalace ba, sabon fin da bushin sun wadatar. Idan ya zama kamar ƙwai, sai a kai wa masu injin sassaƙa ƙarfe su daidaita ramin su yanka bushin na tagulla daidai da shi. Abin da bai kamata mai mota ya yarda da shi ba shi ne a zura doguwar ƙusa mai zare a madadin fin, domin zaren zai riƙa gurzar ramin kamar magagari. Wanda ya gwammace sayen hinji sukutum a Kasuwar Ƙofar Ruwa, ya tafi da tsohon a hannu don gwadawa, ya kuma girgiza wanda aka miƙo masa. Na hannu daga motar da ta kai tasa shekaru yake fitowa, yana iya zama da irin ciwon.

Walda sai inda aka ga tsaga. A cire kan batir, a janye wayoyin da ke ratsa ƙofar zuwa fitila da waifa da makulli, a kare gilashi daga tartsatsi. Ƙwararren mai walda yakan huda ɗan rami a ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, ya sa wani falankin ƙarfe ta ciki, sannan ya shafe wurin da fenti saboda tsatsa. Like hinji da jikin mota da walda, kamar yadda wasu ke yi don gudun wahala, yana hana saita ƙofar har abada.

Sai an gama wannan duka ake mayar da taya a saita makulli, domin da nauyinta ƙofar za ta yi aiki. A duba 'yan robobin da ke tokare tayar ta baya; masu sauya rim ko sa taya mafi girma sukan bar tazara a nan, tayar ta riƙa rawa. Barin safaya a gida ba mafita ba ce, tunda jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra suna tambayarta a hanya. Wanda tafiyarsa ta ƙauye ta yi yawa yana iya sa a ƙera masa mariƙi na daban a jikin bamba, mai juyawa a kan boris, ya ɗauke wa ƙofar nauyin gaba ɗaya. Ga sauran, a wanke hinji a sa masa sabon giris sau biyu a shekara, bayan ɗaukewar damina da kuma bayan wucewar hunturu, a goge wanda ya fito waje don kada ya kama ƙura.