Inci 14, 16 ko 17: Yadda za a zaɓi girman laftof ɗin da zai jure zafi da ƙarancin wutar Sakkwato

A unguwar Tudun Wada da ke Ƙaramar Hukumar Sakkwato ta Kudu, kamar sauran unguwannin birnin Shehu, kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda aka fi sani da laftof, ta daina zama kayan ƙawa. Da ita ake tsara katin gayyatar aure da kalandar biki da fastar ’yan takara. Da ita ɗalibi yake rubuta kundin kammala karatu, a kanta kuma matasa ke buga wasan ƙwallo da dare. Tun daga watan Yunin 2023 da aka saki darajar Naira a kasuwa, farashinta ya yi tashin gwauron zabi, ta yadda wanda ya tara kuɗi ya sayi ɗaya ba shi da halin sake sayen wata nan kusa idan ya yi kuskure.

Kuskuren da aka fi yi kuwa yana kan girma. Mai saye yakan tsaya ya tambayi ƙarfin furosesa da yawan RAM, amma idan aka zo kan girman na’urar sai ya zaɓa da ido kawai. Alhali girman ne ke yanke nauyin da za a ɗauka, da zafin da na’urar za ta iya jurewa, da kuma wutar da za ta ci. Waɗannan ukun su ne suka fi shafar mazaunin Sakkwato.

Abin da inci yake nufi

Idan aka ce laftof mai inci 14, ana nufin tsawon fuskarta daga kusurwa ɗaya zuwa kusurwar da ke kallonta a karkace. Inci ɗaya santimita 2.54 ne, saboda haka inci 14 kimanin santimita 35.6 ke nan, inci 15.6 kimanin 39.6, inci 17.3 kuma kimanin 43.9. Bambancin yana da ƙanƙanta a lamba, amma yana da yawa a ido. Fuska mai inci 15.6 ta fi mai inci 14 faɗi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, mai inci 17.3 kuwa ta fi ta da sama da rabi.

Akwai kuma siffar fuskar. Tsofaffin na’urori sun fi zuwa da tsarin 16:9, mai faɗi a kwance, wanda ya dace da kallon fim. Sababbi da yawa suna zuwa da 16:10, mai ɗan ƙarin tsayi. Shi ya sa laftof mai inci 16 ta sabon tsari take kusan daidai da mai inci 15.6 a faɗin jiki, amma filin aikinta ya fi yawa da kimanin kashi 10 cikin 100.

A taƙaice rukunai uku ne a kasuwa: ƙanana masu inci 13 zuwa 14, waɗanda nauyinsu yakan kama daga kilo 1.2 zuwa 1.6; matsakaita masu inci 15.6 zuwa 16, da ke kusa da kilo 2. Da manya masu inci 17 zuwa 18, waɗanda kan kai kilo 2.5 zuwa 3 ko sama da haka, ban da nauyin caja.

Mai aikin zane: ingancin fuska ya riga girmanta

Wanda ke aiki da CorelDRAW ko Photoshop yana da hujjar son babbar fuska, domin jerin kayan aikin manhajar kan cinye gefe da gefe, ya bar masa ɗan fili a tsakiya. Sai dai akwai abubuwa biyu da suka fi inci muhimmanci.

Na farko shi ne yawan ɗigon hoto. Laftof da yawa masu inci 15.6 da ke zuwa da araha fuskarsu 1366 sau 768 ce, wato ɗigo miliyan ɗaya da ’yan kai. Fuska mai 1920 sau 1080 tana da sama da miliyan biyu. Ma’ana, ƙaramar laftof mai inci 14 da ke da 1920 sau 1080 tana nuna aiki ninki biyu na abin da waccan babbar take nunawa, rubutu kuma ya fi fita tsaf a kanta.

Na biyu shi ne gaskiyar launi. Ana auna launukan da fuska ke iya nunawa da wani ma’auni da ake kira sRGB. Fuskokin da aka rubuta wa “45% NTSC” ba su kai kashi biyu cikin uku na wannan ma’auni ba. Sakamakon haka, mai zane zai ga ja ya dushe a idonsa, sai ya ƙara masa ƙarfi, idan aka buga bana a injin kuma launin ya fito daban. Asarar takarda da tawada da amincewar mai aiki duk a kansa take komawa, musamman a lokutan da aiki ke yin yawa kamar kakar bukukuwa bayan Sallah ko gabanin zaɓe. Don haka a nemi fuska nau’in IPS wadda ke kusa da kashi 100 na sRGB. Hanya mafi sauƙi ta gane tsohon nau’in TN ita ce a karkata murfin baya kaɗan: idan launi ya juye ko ya yi duhu, ba ta dace da zane ba.

Ga wanda yake da shago ko tebur tsayayye, mafita mafi hikima sau da yawa ita ce laftof mai inci 14 ko 16 mai kyakkyawar fuska da RAM gigabait 16, sannan a haɗa mata monita mai inci 24 ta wayar HDMI. Ko mafi girman laftof ba ta kai wannan fili ba, kuma idan za a je wurin mai buga aiki sai a zare waya a saka na’urar a jaka.

Mai wasa: girman jiki shi ne numfashin na’ura

A ɓangaren wasanni irin su eFootball da EA Sports FC da Call of Duty, hujjar girma ta fi ƙarfi, kuma tana da alaƙa da zafi fiye da kallo. Katin hoto da furosesa suna mayar da kusan duk wutar da suka ci zuwa zafi, kuma dole fanka ta fitar da shi. Babban jiki yana ba da damar manyan fankoki da ƙarin bututan jan zafi da ƙofofin iska. Idan zafi ya kai wani mataki, na’urar da kanta takan rage gudu domin kare kayan cikinta, a nan ne wasa ke fara sarƙewa.

Wannan ne ya sa laftof biyu masu katin hoto iri ɗaya ba sa gudu ɗaya. Kamfanin Nvidia ya bar wa masu ƙera laftof damar saita katin RTX 4060 daga wat 35 har zuwa 115. Siririyar na’ura mai inci 14 takan tsaya a ƙasa ko tsakiya, mai kauri kuma ta kai sama. Sunan da ke jikin kwali ɗaya ne, ƙarfin kuwa ba ɗaya ba.

Sai a ɗora yanayin gari a kan wannan. Kamfanin Apple, alal misali, ya ƙayyade cewa a yi amfani da laftof ɗinsa a yanayin da ke tsakanin digiri 10 zuwa 35 a ma’aunin Salshiyos, sauran kamfanoni ma iyakarsu ba ta yi nisa da haka ba. A Sakkwato kuwa zafin rana yakan zarce digiri 40 daga watan Maris zuwa Mayu. Ɗaki mai rufin kwano wanda ba shi da na’urar sanyaya ɗaki ya riga ya wuce iyakar kafin a kunna komai. Bayan haka ga ƙurar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, wadda ke toshe ƙofofin iska. Saboda haka mai wasa ya fi dacewa da inci 15.6 ko 16 mai kaurin jiki, ya ɗaga bayanta daga tebur, ya guji ajiye ta a kan katifa ko darduma, ya kuma kai ta a share fankarta bayan kowane hunturu.

Inci 17 zuwa sama ta dace ne kawai da wanda ya san ba za ta bar ɗaki ba. Shi ma ya kamata ya tambayi kansa ko kwamfutar tebur ba ta fi masa ba, tunda ta fi samun iska, ta fi sauƙin gyara da sauya kaya.

Mai zirga-zirga: kilo ɗaya ba ƙaramin abu ba ne

Ɗalibin da ke tashi daga Tudun Wada kowace safiya ya nufi mazaunin dindindin na Jami’ar Usmanu Ɗanfodiyo ta hanyar Kwalkwalawa, ko Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, yana ɗauke da na’urarsa a baya, a kan kabu-kabu ko a cikin cunkoson mota. Babbar laftof ta wasa da cajarta kan haura kilo 3. Ƙarama mai inci 14 da cajarta ba su cika kai kilo 2 ba, kuma tana shiga kowace jaka. Babbar fuska ta fi saurin tsagewa idan aka matse jaka, sauya ta kuma ya fi tsada. Babbar jaka ma ta fi jan idon ɓata-gari.

Mai inci 13 ta fi kowace sauƙin ɗauka, sai dai rubutu yana ƙanƙancewa a kanta, kuma da yawa daga cikinsu an manne RAM ɗinsu a jikin allo, ba a iya ƙarawa. Wanda aikinsa ya shafi shigar da lambobi da yawa, kamar mai lissafin shago, ya lura cewa madannan lamba na gefen dama sai daga inci 15.6 zuwa sama aka fi samun su.

Lissafin wuta

Mutane da yawa suna zaton babbar laftof ta fi daɗewa da caji. Ba haka abin yake ba. Dokokin sufurin jiragen sama sun taƙaita batirin da fasinja zai shiga da shi ba tare da izini ba zuwa wat-awa 100, shi ya sa kamfanoni ba sa wuce wannan iyaka komai girman na’ura. Babbar fuska da katin hoto suna shanye wannan caji cikin sauri, har wasa mai nauyi ya ƙarar da shi cikin awa ɗaya zuwa biyu.

Cajar ƙaramar laftof wat 45 zuwa 65 ce, kuma sababbi masu ramin USB-C ana iya caja su da babban fawa-bank. Cajar laftof ta wasa kuwa takan kama daga wat 150 zuwa 280. A garin da wutar kamfanin Kaduna Electric ke zuwa tana ɗaukewa, man fetur kuma ya yi tsada tun bayan cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, wannan bambanci kuɗi ne. A ɗauki batirin sola na gargajiya mai 12V da 100Ah. Yana ɗauke da wat-awa 1,200, amma kimanin rabi ake so a sha don kada ya mutu da wuri, wato 600. Laftof ɗin da ke jan wat 150 a lokacin wasa za ta cinye wannan cikin ƙasa da awa huɗu. Wadda ke jan wat 30 a aikin rubutu za ta iya kai awa 15 ko fiye.

Idan ta hannu za a saya

Da yawa daga cikin laftof ɗin da ake saye a Arewa na hannu ne, waɗanda ke shigowa ta kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas ko ta Kano. A nan ma girma yana yaudara, domin tsohuwar babbar na’ura takan fi sabuwar ƙarama araha. A tuna cewa 14 ga Oktoban 2025 ce ranar da Microsoft ya sa ta ƙarshen tallafin Windows 10, kuma idan furosesar Intel ce, Windows 11 a hukumance tana buƙatar zubi na takwas zuwa sama. Kada a yi cinikin biri a sama. A kunna na’urar a gaban mai shago, a duba lambar ɗigon fuska a cikin saituna, a rubuta umarnin powercfg /batteryreport domin ganin abin da ya rage na ƙarfin batir, sannan a bar ta tana aiki mai nauyi na minti 15 a saurari ƙarar fanka.

To wace za a ɗauka?

Taura biyu ba sa taunuwa a baki, balle uku. Laftof ɗin da ta haɗa sauƙin ɗauka da ƙarfin wasa da gaskiyar launi tana nan a kasuwa, amma kuɗinta ya fi ƙarfin mafi yawan masu saye, kuma sirantarta ba ta shiri da zafin bazara. Abin da ya rage shi ne mutum ya duba inda na’urar za ta fi wuni. Idan a jaka ne, inci 14 mai 1920 sau 1080 ta wadatar, ko da mai zane ne, muddin zai tanadi monita a wurin aikinsa. Idan a kan tebur ne kuma wasa ko tace bidiyo ne babban aikinta, inci 15.6 ko 16 mai kaurin jiki ta fi dacewa, tare da sa kuɗin wutarta a cikin lissafi tun kafin a biya. Wanda kuma yake yin kaɗan daga kowanne, ya nemi inci 16 ta tsarin 16:10 wadda ba ta wuce kilo 2 ba, ya ɗauke ta da cajarta a hannu a cikin shagon ya ji nauyinsu kafin ya miƙa kuɗi.