Ƙungiyar Manoman Albasa: Kasuwancin da Ribarsa ta Jama'a Ce

Duk wanda ya bi ta Tsarnawa a watan Maris ko Afrilu, ya ga buhunan albasa jere a bakin hanya. Garin yana daidai mararraba, inda hanyar Tawa ta rabu da babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram. Albasar tana fitowa daga garake da fadamun ƙasar Ƙonni, da Malbaza, da Illela. Manyan motoci suna lodi, suna kai ta Gana, da Kwaddibuwa, da sauran ƙasashen bakin teku.

Amma a wannan lokaci ne manomi yake kuka. Kowa ya cire albasarsa a lokaci guda, kasuwa ta cika, kuɗi ya faɗi. Manomi kuwa ba ya iya jira. Tun farkon aiki ya ci bashin iri, da taki, da man injin ban ruwa. Ga mai bashi a ƙofar gida. Dole ya sayar da araha. Bayan wata biyar ko shida sai albasa ta yi tsada, sau da yawa buhu ya ninka kuɗinsa. A lokacin nan rudun manomi babu kome a ciki. Wanda ya saye ya ajiye, shi ke cin riba.

Mutum guda ba ya iya fita daga wannan rami. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shi ya sa manoma suke kafa ƙungiyar haɗin gwiwa, wadda ake kira koperatif.

Mene ne koperatif?

Koperatif kasuwanci ce. Tana saye, tana sayarwa, tana neman riba. Ba gidan sadaka ba ce. In ta yi ta faɗuwa, za ta mutu kamar kowane kanti.

Bambancinta da kantin ɗan kasuwa shi ne wannan. Ɗan kasuwa yana neman riba don kansa da iyalinsa. Ita kuwa ƙungiya an kafa ta don biyan bukatar mambobinta: taki mai kyau a kan lokaci, wurin ajiya, da ciniki na gaskiya. Mambobi su ne masu ita, su ne kuma masu hulɗa da ita. A wurin taro kowane mamba murya ɗaya gare shi. Mai garka goma da mai garka guda, ƙuri'arsu ɗaya ce.

Abin ba baƙo ba ne

Tun kaka da kakanni mutanen ƙauye sun san gayya, mata sun san adashe. Koperatif ƙanwarsu ce, sai dai ita tana da takarda da doka.

A shekarar 1844, a garin Rochdale na ƙasar Ingila, wasu talakawa 28, da yawansu masaƙa, suka tara ɗan abin da ke hannunsu, suka buɗe kantin abinci na kansu. Ƙa'idodin da suka bi su ne tushen da ƙungiyoyin duniya suke bi har yau. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta keɓe shekarar 2012 da ta 2025 don tunawa da amfanin irin waɗannan ƙungiyoyi.

A Nijar, gwamnati ta kafa hukumar UNCC a shekarar 1962, don ta tsara ƙungiyoyin manoma da ba da bashi. Ta yi aiki sosai a kasuwannin gyaɗa da auduga. Amma da yake umurni daga sama yake zuwa, manoma da yawa suka ɗauki ƙungiya kamar kayan gwamnati. A shekarar 1982 aka yi babban taro a Damagaram, aka tsai da shawarar a bar wa manoma ragamar ƙungiyoyinsu. A 1984 aka rushe UNCC. A 1996 aka yi dokar da ta ba mutane damar kafa ƙungiya bisa ra'ayin kansu.

Darasin gandarin Ƙonni

Gandarin noman Ƙonni yana da hekta 2,452. An gina shi a ƙarshen shekarun 1970 da farkon shekarun 1980. Ruwansa yana zuwa daga madatsun Mozage da Zango, a kan kwarin Magiya, ya bi babban kanal zuwa tafkin Cerasa, sannan a raba shi cikin gonaki. Hukumar ONAHA, wadda aka kafa a 1978, ita ke ba manoma shawara.

Da shekaru suka tura, laka ta taru a madatsun, kanal-kanal suka tsattsage, filin da ake nomawa da rani ya ragu. Sai da aka samu kuɗin ƙasar Amurka, a ƙarƙashin yarjejeniyar da ta fara aiki a 2018, hukumar MCA-Nijar ta ɗauki aikin gyara.

Abin lura a nan shi ne, wanda ya gina maka ba shi zai tsare maka ba. Kanal yana bukatar yasa da liƙi kowace shekara. Wannan kuwa da kuɗin ruwan da manoma suke biya ake yin sa. Duk inda aka daina biya, ko aka karkata kuɗin zuwa wata hidima, ruwa ba ya daɗewa yana isa gonar da ke ƙarshe. Haka yake ga mangaza, da inji, da kantin taki.

Abin da doka ta ce

A ranar 15 ga watan Disamba 2010, a birnin Lome, ƙasashen ƙungiyar OHADA, har da Nijar, suka amince da doka guda game da koperatif. Ta fara aiki a watan Mayu 2011.

Dokar ta kasa ƙungiyoyi gida biyu. Ƙarama, wadda ake kira SCOOPS, mutum 5 sun isa su kafa ta. Babba, mai majalisar gudanarwa, sai mutum 15 ko fiye. A ƙaramar ƙungiya akwai kwamitin da ke tafiyar da aiki. Akwai kuma wani kwamiti dabam na masu sa ido, wanda ke binciken aikin na farko.

Dokar ta hana a cinye riba duka. Daga ribar shekara, a ware aƙalla kashi 20 cikin 100 a ajiye don ranar wahala. A ware wani kashi 20 don koyar da mambobi. Haka za a riƙa yi har kowane asusu ya kai yawan jarin ƙungiya.

Ga misali. A ce ƙungiya ta samu ribar jika 100. Jika 20 su shiga asusun ajiya. Jika 20 su shiga asusun koyarwa. Saura jika 60. Taron mambobi ne zai yanke abin da za a yi da su. In an ce a raba, ana duba yawan hulɗar da kowa ya yi da ƙungiya. Wanda ya kawo buhu 10 ya fi wanda ya kawo buhu 2 samu.

Abubuwa huɗu da ke sa ƙungiya ta girma

Na farko, jarin kanta. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. A ce mambobi 40 kowa ya zuba jika 5, an samu jika 200. Ba su da yawa, amma sun isa a sayo taki a dunƙule, a sayar wa mambobi da ƴar riba kaɗan. Mutum yana tsaron abin da guminsa ke ciki. Mata sun riga sun nuna haka. Tsarin Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a jahar Maradi a 1991, da zubin mako-mako na matan kansu ya tashi. Yau ana koyi da shi a ƙasashe da yawa.

Na biyu, rubutu. Kowace dala da ta shiga, a rubuta. Kowace dala da ta fita, a rubuta, a karɓi resi. Mai riƙe kuɗi dabam, mai riƙe littafi dabam. A karanta lissafi a gaban jama'a, da Hausa, ba a bayan ɗaki ba. Ƙungiyoyi da yawa ba fari ne ya kashe su ba, zargi ne. Zargi kuwa yana shiga ne inda babu rubutu.

Na uku, ajiya. Tun 1999 wani shirin hukumar FAO ya yaɗa dabarar jinginar da amfanin gona a Nijar, wadda ake kira warantaji. Da kaka mambobi su zuba gero, ko wake, ko gyaɗa a mangaza. A sa kwaɗo biyu. Makulli guda yana hannun ƙungiya, guda yana hannun asusun da ya ba da bashi. Bashin ba ya kai kuɗin kayan. Manomi ya yi noman rani ko kiwo da shi, ya biya, a buɗe mangaza lokacin da kaya suka yi daraja. Sai dai a sani, akwai shekarar da farashi ba ya tashi. Albasa kuma ba kamar gero ba ce, tana ruɓewa, tana ramewa. Wadda za a ajiye, sai a rage mata taki na zamani, a tsai da ban ruwa kafin cira, a bar ta ta sha iska a inuwa, a fid da mai rauni. A riƙa duba rudu a kai a kai.

Na huɗu, sayarwa da baki ɗaya. A Tsarnawa akwai kontuwar ta albasa, wato wurin da mai kaya da mai saye suke haɗuwa a fili, a san farashin ranar, a rubuta buhunan da suka fita. Da daɗewa manoma suna kuka da buhu mai hula, wanda ake cika wa har ya yi tozo, a biya kuɗin buhu guda. Mutum ɗaya in ya ƙi, mai saye ya wuce wurin maƙwabcinsa. Amma in ƙungiyoyi suka tsaya a kan buhu iri ɗaya, ko awo da sikeli, dole a saurare su.

Suna ma jari ne. A shekarar 2021 hukumar OAPI ta yi rajistar sunan albasar Galmi, don kada wata albasa ta ci kasuwa da shi. Ƙungiyar da ke tsaron irinta, ba ta gauraya babba da ruɓaɓɓiya a buhu, ita mai saye zai sake nema baɗi.

Wane taimako ne mai amfani?

Gwamnati, da magajin gari, da masu poroje suna da rawar da za su taka: hanyar mota zuwa garake, mangaza, malaman gona, da koyar da lissafi. Wannan taimako yana da kyau in ya tarar da ƙungiya a tsaye. Amma ƙungiyar da aka kafa don an ji labarin poroje zai zo, ranar da poroje ya naɗe tabarmarsa ita ma ta watse. Kafin a karɓi inji ko gini, sai mambobi su tambayi kansu: wa zai gyara in ya lalace, kuma da wane kuɗi?

Aikin ɗaliban yaƙi da jahilci

A nan ne masu zuwa ajin yaƙi da jahilci suke da babban aiki, maza da mata. Wanda ya iya karatu da lissafi yana iya zama magatakarda, ko ma'aji, ko ɗan kwamitin sa ido. Ko bai riƙe muƙami ba, yana iya duba littafi ya ga ko an rubuta buhunansa daidai. Yana iya karanta wa maƙwabcinsa takardar bashi kafin ya dangwala hannu.

Kafin a zuba irin albasa na bana, ya kamata kowace ƙungiya ta kira taro. A kawo littafin kuɗi a buɗe. A faɗi abin da ya shiga, da abin da ya fita, da abin da ya rage a asusu. A faɗi masu bashi da ranar biya. Wanda bai gane ba ya yi tambaya, kada ya ji kunya, domin kuɗinsa ne.