Yadda mai nutso ke tsayawa cak a tsakiyar ruwa, da abin da ya sa rayuwarsa ta dogara da hakan

A ranar 2 ga Yulin 2018, masu nutso biyu 'yan Birtaniya, John Volanthen da Rick Stanton, suka iske yara 12 da kocinsu a raye cikin kogon Tham Luang da ke arewacin Tailan, kwana tara bayan ambaliya ta rutsa da su. An kwashe kwana uku ana fito da su ta lunguna masu ƙunci, cikin ruwan da ya cakuɗe da laka. Kafin nan, tsohon sojan ruwan ƙasar, Saman Kunan, ya rasa ransa wajen kai tulunan iska.

Ƙarfin damtse ba ya wadatarwa a irin wannan aiki. Abin da ake buƙata shi ne ƙwarewa biyu da ake koya wa kowane mai nutso da tulun iska: ya iya tsayawa a zurfin da yake so, bai nutse ba bai taso ba, kuma ya iya daidaita kwanciyar jikinsa.

Ruwa yana tura duk abin da ya shige shi zuwa sama da ƙarfi daidai da nauyin ruwan da abin ya ture. Idan mutum da kayansa sun fi wannan ruwan nauyi sai ya nutse, idan ba su kai ba sai ya taso. Mai nutso yana neman tsaka-tsaki da abu uku: dalmar da yake ɗaurawa a ƙugu, rigar da yake hura wa iska ko ya sace ta, da kuma huhunsa. Dogon numfashi yana ɗaga shi kaɗan, fitar da shi yana saukar da shi.

Sai dai daidaiton ba ya zama wuri ɗaya. A zurfin mita 10 matsin da ke kan jiki ya ninka na bakin ruwa sau biyu, iskar da ke cikin rigar ta tsuke zuwa rabi. A mita 30 ta koma kashi ɗaya cikin huɗu. Saboda haka mai gangarawa yana ƙara nauyi, mai tasowa kuma iskarsa tana kumbura tana ƙara masa sauri. Nan haɗarin yake. Tasowa da gaggawa na sa iskar nitrojin da ta narke a jiki ta yi kumfa a jini, riƙe numfashi kuma na iya fasa huhu. Shi ya sa ake tasowa a hankali, a dakata minti uku a zurfin mita biyar.

Kuskuren da ya fi yawa ga sababbin shiga shi ne ɗaura dalma fiye da kima. Wanda ya yi haka dole ya cika rigarsa da iska, ƙugunsa ya rinjaya ƙasa, ƙirjinsa ya ɗago, ya riƙa harba ƙafa don kada ya nutse. Zai gaji da wuri, iskarsa ta ƙare da wuri. Gwajin mai sauƙi ne: a saman ruwa, da rigar da babu iska da numfashi na yau da kullum a ƙirji, ruwa ya tsaya masa daidai ido, in ya fitar da numfashin, ya fara nutsewa sannu a hankali. Ana kuma la'akari da cewa tulun yana rage nauyin kilo biyu zuwa uku idan iskarsa ta kusa ƙarewa, kuma ruwan teku ya fi na kogi ɗaga mutum.

Kwanciyar jiki kuwa ita ce mutum ya miƙe rub da ciki, gwiwoyi a lanƙwashe, tafin ƙafa a sama, yana tura ruwa baya kamar kwaɗo. Idan ƙafafu na rinjaya, sai a matsar da dalma ko tulun wajen kafaɗa. A teku wannan yana kare murjani daga karyewa. A kogo yana hana tayar da lakar da ke rufe ido.

A Tham Luang an yi wa yaran allurar barci ƙarƙashin kulawar likita ɗan Ostareliya, Richard Harris. Kowane mai ceto ya daidaita jikinsa da na yaron da ba ya motsi, yana bin igiya cikin duhu. Dukansu 13 sun fito da rai.