Kasuwa ta sauya: yadda ƙaramin jari zai tsira a nan

 Bayan maganar takardu, babu abin da aka fi kawo mana a ofishin kariya kamar maganar jari. Mace za ta ce ta fara suyar ƙosai da jika 5, kafin wata biyu kuɗin sun narke. Magidanci zai ce kaya suna fita a teburinsa, amma idan ya koma sari sai kuɗin su kasa. Da yawanku kun iya sana'a tun a gida. Abin da ya sauya shi ne kasuwar: kuɗinta, masu sayenta, da hanyar da kaya ke zuwa. Wanda ya gyara lissafinsa ya dace da wannan kasuwa, jarinsa zai daɗe ko da kaɗan ne.

Abin da ya faru da kasuwar iyaka

Tun 2019, lokacin da jama'a suka fara tsallakowa jihar Maraɗi daga Sakkwato, Zamfara da Katsina, kasuwar iyaka ba ta zauna wuri ɗaya ba. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agusta 2019, ba ta fara buɗewa ba sai Disamba 2020. A watan Mayu 2023 ta cire tallafin man fetur, kuɗin mota da na kabu-kabu suka tashi har a wannan ɓangaren. A watan Yuni aka saki farashin naira: dalar Amurka da take kusan naira 460 a farashin gwamnati ta haura naira 1,400 a farkon 2024. Bayan sauyin mulki a Nijar a watan Yuli 2023 an sake rufe iyaka, sai a watan Maris 2024 aka buɗe.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya taɓa mai tebur da mai tuya. Idan hanya ta rufe, kaya su yi wuya. Idan mai ya yi tsada, kuɗin ɗauko ya cinye riba. Idan naira ta faɗi, ajiyar da ke ƙulle a bakin zane ta ragu ba tare da an taɓa ta ba.

A yi lissafi da kuɗin da ake sari da su

Sefa tana ɗaure da kuɗin Turai na yuro, kusan sefa 656 a yuro ɗaya, shi ya sa ba ta hawa da sauka kamar naira. Idan a Gidan Rumji ko Maraɗi kuke sari, ku riƙe jarinku a sefa. Wanda ya biya ku da naira, ku karɓa a canjin ranar, kuma ku canza da wuri.

Sababbin zuwa su kula da ƙirgen nan. Dala ɗaya sefa 5 ce. Dala 20 sefa 100 ke nan, dala 100 sefa 500, jika kuwa sefa 1,000. Haka ma awo: a nan da tiya ake auna hatsi, kuma ba lallai ta zo daidai da kwanon garinku ba. Ku gwada ku gani kafin ku yanka farashi.

Ka'ida ta biyu ita ce a sa farashi bisa abin da za a biya a sari na gaba. A ce kin saro katan ɗin sabulu a jika 6, kin sayar duka a jika 7, kina murnar ribar jika ɗaya. Kin koma kasuwa kin tarar katan ya zama jika 7, ga kuɗin mota dala 100. Wato jarinki ya ragu ke nan. Saboda haka kafin ranar kasuwa a kira dillali ko wani ɗan'uwa a waya a ji farashin yau.

Kada kowa ya kama sana'a ɗaya

A gida, mai ƙosai ɗaya ce a unguwa, kuma ta san masu sayenta. A nan layi ɗaya zai iya samun mata biyar masu ƙosai, masu saye kuma su ne dai maƙwabtan da ba su da kuɗi. Kafin a zuba jari, a zaga a ƙirga: mutum nawa ke sayar da wannan abu? Me mutane ke fita nema har wani gari?

Wasu sana'o'in sun fi jure wa irin wannan hali saboda kayansu a nan ake noma su. Ƙasar Maraɗi ƙasar gyaɗa ce. Mai matsar mai tana da kaya biyu daga sari ɗaya: man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma masu sana'ar kan ce mai ke mayar da uwar kuɗi, ƙuli ne riba. Rufe iyaka ba ya hana ta aiki. Haka kiwon jar akuya, wadda ta saba da ƙasar nan kuma takan haifi tagwaye. Sana'ar hannu ma, kamar ɗinki, aski, kitso, faci da gyaran waya, ba ta buƙatar sari mai yawa.

A kuma duba wajen sansani. 'Yan gari maƙwabtanmu masu saye ne, kuma sun san ranakun kasuwannin ƙauyuka. Mace biyu, ɗaya 'yar gudun hijira ɗaya 'yar gari, za su iya haɗa kuɗin mota su yi sari tare. Hakan na rage kashe kuɗi, yana kuma ƙara zumunci.

A bi lokaci

Kasuwa a nan tana da lokuta biyu da ya kamata a sani. Na farko na shekara ne. Da kaka gero da wake da gyaɗa suna araha, daga bazara zuwa tsakiyar damina suna tsada, a lokacin ne kuma aljihun mutane ya fi bushewa. Mai ɗan hali ya sayi wake da kaka ya zuba a buhun nan mai ninki uku, wanda ke hana iska shiga, ƙwari su mutu ba tare da magani ba. Mai turkar rago ya saye shi watanni kafin Babbar Sallah, ya kuma lissafa kuɗin dusa da harawa tun farko.

Na biyu shi ne lokacin rabo. Idan an raba abinci, cinikin hatsi ya kwanta, na kayan miya da itace da niƙa ya tashi. Idan kuɗi aka raba, ciniki ya yi zafi na 'yan kwanaki sannan ya lafa. Mai tebur ya tanadi kaya kafin ranar, ya kuma karɓi bashinsa a cikin kwanakin. Amma kada a gina sana'a kacokan a kan rabo, domin tallafi yana iya jinkiri ko ya ragu.

Waya ta zama wurin aiki

Yanzu ba dole sai da rumfa ba. Tela na iya karɓar aiki ta saƙon murya a WhatsApp. Mai man gyaɗa na iya samun masu shago biyu ko uku a Gidan Rumji da za su kira ta idan sun buƙata. Saurayi mai faranti ɗaya na hasken rana zai iya cajin waya ya ci abinci. Aika kuɗi ta Nita, Amana ko Airtel Money ya fi tafiya da su a aljihu. Sai dai lambar sirri taku ce ku kaɗai. Duk wanda ya kira ya ce daga hukuma yake, a ba shi lamba ko a tura kuɗi don a sa suna a jerin tallafin jari, ɗan damfara ne. Rajista da duk ayyukan hukumar kyauta ne.

A raba uwar kuɗi da kuɗin cefane

Yawancin jari a tukunya yake ƙarewa, kuma ba laifin kowa ba ne, yunwa ba ta jira. Dabarar ita ce ƙulli biyu: duk yamma a fara ware kuɗin sari, abin da ya saura shi ne na gida. Bashi kuma a sa masa iyaka. Wanda bai biya na baya ba, a ba shi haƙuri. Wadda ba ta rubutu ta ja layi a bango ko ta sa ɗanta ɗan makaranta ya rubuta mata.

Ajiya a cikin ƙungiya ta fi ajiya a ɗaki. Tsarin asusu na Mata Masu Dubara a nan ƙasar Maraɗi ya fara a 1991 tare da ƙungiyar CARE, daga nan ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Mata suna haɗuwa duk mako, kowa ta zuba abin da aka amince, a kulle a akwati, makullai a hannun mutane daban-daban. Mai buƙata ta ranta ta mayar, a ƙarshen zango a raba. Bambancinsa da adashe shi ne ana iya samun rance a lokacin da ake buƙata, ba sai kwasa ta zo kan mutum ba.

Riba ba ta kai rai ba

Mun san kaya a wasu lokuta sun fi araha a ƙetare. Amma hanyar da kuka gudo ta cikinta har yanzu tana da haɗari, kuma fansar mutum ɗaya ta fi jarin gida goma. Ku yi sari a wannan ɓangaren, ku yi tafiya da rana cikin jama'a, da takardarku ta shaida a jiki. Idan an karɓi kuɗin kasuwa, ku nemi tikiti.

Talla kada ta hana yaro makaranta, kuma kada a tura yarinya ita kaɗai da dare ko wuri mai nisa. Duk wanda ya ba mace kaya bashi ko jari sannan ya nemi wani abu da bai dace ba, a sanar da mu. Ana sauraron irin wannan magana a asirce, kuma akwai ma'aikata mata.

Mai son shiga asusu ko koyon sana'a ya tambayi wakilin unguwarsa, ko ya zo ofishin kariya a ranakun aiki. Akwai tafinta. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa wannan shafi. Allah ya sa albarka a nema.